Wa Ke Riƙe Da Mudu? Kuɗin Raya Yanki Da Ƙidayar Sakamako A Jigawa

A shekarar 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike da ya girgiza ma'aikatan lafiya a Dutse. Jami'an Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da tallafin UNICEF, sun bi gida-gida a faɗin Najeriya suna neman katin rigakafin yara, inda babu kati kuma su tambayi uwa. Suna son sanin yara nawa suka karɓi zagaye na uku na allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar, wadda ma'aikatan asibiti ke kira penta. A ƙasa baki ɗaya sun sami yara 33 cikin 100. A Sakkwato 3. A Jigawa 7.

A daidai lokacin, rahotannin da ke tasowa daga rajistar asibitoci, su bi ta ƙananan hukumomi da jihohi har su isa Abuja, suna nuna ƙasar ta haura kashi 90. An sayo alluran, an kafa firji mai aiki da hasken rana, an biya alawus ɗin bita, an cike fom. Duk wanda ya tsaya a kan takarda zai ce aiki ya yi kyau. Yaran ne dai ba a yi wa allurar ba.

Wannan tazara ta sake zama abin dubawa domin an buɗe sabon asusu. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kafa Hukumar Raya Yankin Arewa maso Yamma, wadda Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin ya gabatar da ƙudurinta. Hedkwatarta na Kano, jihohinta bakwai, har da Jigawa. A watan Oktoba na shekarar aka mayar da Ma'aikatar Neja Delta ta koma Ma'aikatar Raya Yankuna, kasafin 2025 kuma ya rubuta wa sabuwar hukumar sama da naira biliyan 500. Dokar ta ɗora mata gyaran hanyoyi da gidaje da wuraren sana'a da rikici ya rusa, da yaƙi da talauci da jahilci da matsalolin muhalli. Ba mai ƙin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai dai daga kalmomin kaɗai, ba wanda zai iya faɗin ranar da za a ce an yi nasara, ko ranar da za a ce an gaza.

Yayar wannan hukuma ta riga ta nuna inda irin wannan hanya ke ɓullewa. An kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta a 2000, aka ƙaddamar mata da babban kundin tsari a 2007. Da aka miƙa rahoton binciken ƙwaƙwaf a kanta a watan Satumban 2021, gwamnatin tarayya da bakinta ta ce kimanin naira tiriliyan 6 ne suka shiga hannunta tsakanin 2001 da 2019, ayyuka 13,777 na da matsala ko an yi watsi da su, kuɗin kuma suna yawo a asusun banki 362. Shekara ashirin sai da ta cika kafin a yi wannan lissafi, kuma ko shi lissafin kwangiloli ne. Bai ce komai ba a kan ko ɗan masunci a Bayelsa ya fi samun ruwan sha.

Mutumin Jigawa ya saba da salon da gwamnatoci ke ba da rahoton aikinsu. Duk ranar 27 ga Agusta, ranar da Janar Babangida ya yanke jihar daga Kano a 1991, da duk cikar shekara a kan mulki, rediyo kan cika da jerin abubuwa: kilomita kaza na titi, ajujuwa kaza, rijiyoyin burtsatse kaza, biliyan kaza da aka kashe. Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, suna kuma da amfani, amma suna amsa tambayoyi biyu ne kacal, wato nawa aka kashe da me aka gina. Ta uku, wadda ita ce dalilin fitar da kuɗin tun farko, ba kasafai ake jin amsarta ba: me ya canza a rayuwar wanda aka yi domin shi? Burtsatsen da aka ƙaddamar bara, yau yana ba da ruwa? Ajin da aka yi wa fenti, ɗan aji huɗu da ke zaune a ciki yana iya karanta jimla guda da Hausa?

Filin jirgin sama na Dutse ya isa misali. An gina shi a zamanin Gwamna Sule Lamido, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a 2014, kuma ta fuskar gini ba wanda ya raina shi. Yana ɗaukar maniyyata, ya hutar da alhazan jihar kwana a Kano. Jiragen haya na yau da kullum kuwa sai su zo su ɗauke. Masu yabo su ce hangen nesa ne, masu suka su ce asara ce, kuma gardamar ba za ta mutu ba, domin kowane ɓangare na auna filin da abin da ya ga dama. Da jama'a na riƙe da adadin fasinja ko tan na kaya da aka yi alkawari zuwa shekara kaza, da shekarar ta raba gardamar.

Shi kansa talauci, wanda kowane shiri ke cewa shi ya zo yaƙa, alƙalumansa a Jigawa na da wuyar sha'ani. Lokacin da Charles Soludo ke gwamnan Babban Banki ya bayyana cewa kashi 95 na mutanen jihar talakawa ne, mafi yawa a ƙasar. Maganar ta yi zafi, kuma a cikin wannan yanayi ne Lamido ya kira Taron Talakawa a Dutse a 2008, inda masu ƙaramin ƙarfi suka faɗi halin da suke ciki a gaban manya. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2018 zuwa 2019 ya ba jihar kashi 87, na 2022 kuma, wanda ya haɗa lafiya da ilimi da muhallin zama da aikin yi, ya ba ta kashi 84. Mai son yabo zai jera 95, 87, 84 ya ce ana samun sauƙi. Ba haka ba ne kai tsaye, domin kowane bincike da ma'aunin da ya yi amfani da shi, ba su jeruwa a layi ɗaya. Abin da kawai suka haɗu a kai shi ne fiye da mutum takwas cikin goma na cikin matsi. Shirin da ya ce burinsa "rage talauci" ba tare da ya ce da wane ma'auni, daga nawa zuwa nawa, a wace shekara ba, ya bar wa kansa ƙofar zaɓen alƙaluman da suka yi masa daɗi idan ranar hisabi ta zo.

Abin mamaki, Jigawa ba baƙuwar awo ba ce. Tun farkon shekarun 2000 hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, DFID, ta mayar da ita ɗaya daga cikin jihohin da ta fi zuba kuɗi, a fannin lafiya da ilimi da gyaran aikin gwamnati. Daga wannan haɗin gwiwa ne tsarin lafiya na Gunduma ya fito a 2007, da gundumomi tara. Jihar na da kundin tsarin ci gaba tun zamanin Lamido, an sabunta shi a zamanin Gwamna Badaru Abubakar. Kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da masana tattalin arziki ke ambato a duniya, an yi wani ɓangarensa ne a nan tsakiyar jihar, a ƙauyukan Buji.

Shirin tallafin renon yara ne, wanda ya gudana daga 2013 zuwa 2019 a ƙananan hukumomi biyar: Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, Anka da Tsafe a Zamfara. Ƙungiyar Action Against Hunger ce ke riƙe da ɓangaren Jigawa, Save the Children na Zamfara. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Da an tabbatar mace na da ciki ta hanyar gwajin fitsari, sai a fara ba ta naira 3,500 duk wata, aka ƙara zuwa 4,000 a 2017, har ɗan ya cika shekara biyu. Kuɗin a hannunta ake sawa, ba a hannun mai gida ba, ba kuma tare da wani sharaɗi ba. Ana haɗawa da wayar da kai kan shayarwa da abincin yaye, ta rediyo, ta bakin 'yan sa-kai, har da huɗubar Juma'a.

Abin da ya bambanta shi da sauran rabon kuɗi da aka saba gani shi ne tun kafin a biya ko sisi, an riga an rubuta abin da ake nema: a rage tsumburewar yara, wato yaro ya kasa kai tsawon da ya dace da shekarunsa saboda tamowa. An zaɓi ƙauyuka 210, aka jefa ƙuri'a. Kashi biyu bisa uku suka fara karɓa, sauran aka jinkirta musu don a sami abin kwatantawa. A 2014 masu bincike da ba su da hannu a rabon kuɗin suka shiga da allon awon tsawo da sikeli suka ɗauki halin da ake ciki, suka koma a 2016, suka sake komawa a 2018. Wanda ke biya daban, wanda ke rabawa daban, wanda ke awo daban.

Sakamakon, wanda mujallar American Economic Review ta buga a 2021, ya nuna tsumburewa ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100 na yadda take. Matan sun riƙe ikon kuɗinsu, sun ƙara wa yara abinci mai gina jiki, da yawa sun sayi awaki da kaji ko sun ƙara jarin sana'ar cikin gida. Tsoron da wasu ke yi cewa mazan za su karɓe kuɗin bai tabbata ba. Amma binciken ya kuma faɗi abin da ba ya yi wa mai shiri daɗi: ko a ƙauyukan da suka amfana, fiye da rabin yaran sun ci gaba da kasancewa a tsumbure. A 2018 binciken lafiya na ƙasa ya sami kashi 64 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar a wannan hali. Naira 4,000 ta taɓa matsalar, ba ta kawar da ita ba. Da ba a yi awo ba, da abin da za a ji a taron rufe shiri shi ne mata dubu kaza sun amfana, a yi tafi, a watse. Saboda an yi, duk gwamnan da ke son kwaikwayon shirin ya san abin da zai saya da kuɗinsa, ya kuma san dole ya haɗa da ruwa mai tsabta da maganin zazzaɓi da gudawa.

Rigakafin ma da aka bar dogaro da rajista kaɗai ya motsa. A tsakiyar 2017 hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yara, aka kafa cibiyoyin gaggawa a Abuja da jihohin da suka fi koma baya, aka shiga yin ƙananan bincike na gida-gida duk bayan wata uku, aka kuma jawo masu unguwanni cikin rubuta sunayen jarirai. A wasu asibitocin Jigawa da Katsina da Zamfara ƙungiyar New Incentives ta gwada ba uwa naira 500 a kowace ziyara huɗu ta farko da 2,000 ranar allurar ƙyanda, binciken da wasu daban suka yi kuma ya nuna ƙarin yara 14 zuwa 21 a cikin kowane 100, gwargwadon allurar. Da aka maimaita babban binciken a 2021, Jigawa ta tashi daga 7 zuwa 49. Har yanzu rabin yaran ba su samu ba, amma wannan 49 ɗin ana iya dogara da ita, abin da ba za a ce game da 90 ɗin da ke kan takarda ba.

Nasarar da jihar ta fi alfahari da ita ita ce ta watan Oktoban 2022, lokacin da aka ayyana ta jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili. A nan burin a bayyane yake ƙwarai, ba ya buƙatar masani ya fassara shi: kowane gida da masai, kowane ƙauye babu kashi a bayan gari, ƙananan hukumomi 27 cikin 27. Birnin Kudu da Buji na cikin waɗanda suka fara samun shaida a ƙasar baki ɗaya. Tantancewar kuma hawa-hawa ce. Ƙauye ya ce ya gama, sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma ya duba, hukumar jiha ta tabbatar, sannan kwamitin ƙasa ya zo daga waje ya sa hannu. Shugaban ƙaramar hukumar da maƙwabcinsa ya karɓi takarda shi bai karɓa ba, ya san za a tambaye shi, hakimi da dagaci ma haka. Gwamnatin tarayya ta sa wa ƙasar duka wa'adin 2025 tun a 2019, amma zuwa ƙarshen 2024 ƙananan hukumomin da suka kai ba su cika kashi ɗaya bisa biyar na 774 ba.

Duk da haka wannan ma'auni na da rauninsa, kuma rauni ne da ya kamata sabuwar hukuma ta yi nazari. Takardar shaida hoto ce ta ranar da aka zo duba. Masan da aka haƙa a ƙasa mai rairayi aka rufe da itace da kara, damina ɗaya mai ƙarfi na iya rufta shi, kuma a shekarar da aka ba jihar shaidar ne ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a sassa da dama. Dubban mutanen da ke cika kasuwar Shuwarin ko ta Sara ranar ci, ba masan gidajensu suka taho da shi ba. Ma'aunin da ya ce "an kai" sau ɗaya yana tara ƙarfi kafin biki, ya bar kiyayewa babu mai shi. Wanda ya fi shi shi ne wanda ke komawa kowace shekara ba sanarwa, ya kuma haɗa da adadin yaran da gudawa ke kaiwa asibiti, tunda don su aka fara maganar masai.

Bankin Duniya ya ɗauki wata hanyar, ta ɗaura kuɗin kansa a jikin sakamako. A shirin SFTAS, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750 aka kuma ninka a 2020, ba a ba jiha kuɗi don ta yi gyara, sai ta yi gyaran sannan a biya ta. Ta wallafa kasafinta da rahoton odita a intanet a kan lokaci, ta fitar da rahoton kashe kuɗi duk wata uku, ta haɗa albashin ma'aikata da lambar BVN don korar ma'aikatan bogi, ta tattara asusunta wuri guda. Da farko Ofishin Babban Odita na Tarayya ne ya riƙa tantancewa. Jigawa ta shiga da ƙafar dama, domin a binciken da ƙungiyar CIRDDOC ta yi kan bayyana kasafin jihohi a 2018 ita ce ta zo ta ɗaya. Gwamnan yanzu, Umar Namadi, akanta ne, kuma shi ne kwamishinan kuɗi a wa'adin farko na Badaru, saboda haka ba sai an yi masa bayanin yadda irin wannan ciniki ke tafiya ba.

To amma a dubi abin da aka auna. Jihar da ta fi kowa bayyana kasafinta ita ce kuma ke sahun gaba a talauci da tsumburewar yara. Wannan bai rage darajar bayyana kasafi ba, ya dai nuna iyakarsa: an biya don a ɗora takarda a intanet, an kuwa ɗora. Ko manomin Miga ya karanta, ko maganin da aka rubuta ya isa sha-ka-tafi na Kiyawa, wannan wani awon ne da ba a saya ba.

Haka abin yake a ilimi. Shirin BESDA na dala miliyan 611, wanda ya fara a 2017 a jihohi 17 har da Jigawa, ya riƙa biyan jiha a kan kowane yaron da aka mayar makaranta, kuɗin yarinya ya ɗara na yaro. Dabara ce mai kyau, amma duk wanda ya taɓa riƙe rajistar firamare ya san sunan yaro na iya kwana a littafi shi yana kiwo. Kafin shi, shirin ESSPIN na Birtaniya ya auna makarantu a 2012 da 2014 da 2016 a jihohi shida, ciki har da Jigawa. An ga kwamitocin makarantu sun farfaɗo, tsarin gudanarwa ya inganta, amma karatun yaran bai bi sawu yadda aka so ba, ga kuma ajujuwa sun cika sun batse. Duk abin da aka ɗaura wa kuɗi, shi ma'aikaci zai kawo. In rajista ce, za a sami rajista.

Turawa ma ba su tsira ba. Tarayyar Turai na kashe kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafinta wajen ɗaga yankunan da aka bari a baya. A zangon 2014 zuwa 2020 ta riƙe kashi 6 cikin 100 na kuɗin, ta ce sai wanda ya cika alkawari zai karɓa. Da kotun binciken kuɗinta ta duba a 2021, sai ta tarar an sassauta ma'aunai da dama kafin ranar duba, akasarin waɗanda aka yi amfani da su kuma na kuɗin da aka kashe ne da abin da aka gina. Wanda za a auna shi ne ya gyara ma'aunin. A kasuwar hatsi ba mai yarda mai sayarwa ya zo da mudunsa, ya auna da kansa, ya kuma faɗi adadi.

Akwai kuma abin da ya fi kowanne muhimmanci amma ya fi wuyar ƙirgawa. Tun 2008 ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ke aiki a babban asibitin Jahun, tana karɓar haihuwa mai gardama da gyaran yoyon fitsari. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi hanyar tambayar mata labarin 'yan'uwansu mata da suka rasu, ya ƙiyasta mata 1,012 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000 a Jigawa, alhali burin duniya na 2030 shi ne ƙasa da 70. Dole ta sa aka bi wannan zagaye. Mafi yawan haihuwa a gida ake yi, wadda ta rasu da asuba kafin azahar an kai ta makwancinta, ba takarda ba rajista. Idan hukuma ta ce za ta auna nasara da raguwar mace-mace a asibiti, ta hukunta asibitin da ke karɓar waɗanda aka kawo a makare, ta saka wa wanda ke tura su gaba. Hauhawar adadin a Jahun na iya nufin mata sun fara isowa ne. Ma'aunan da suka fi aminci a nan su ne na kusa: haihuwa nawa ungozoma mai horo ta karɓa, awa nawa tsakanin fara matsala da isa ɗakin tiyata, dare nawa aka nemi jini aka rasa. Ga kuma liman da mai unguwa, waɗanda ba jana'izar da ke wuce su.

Ƙarƙashin duk wannan akwai wani rami. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka sami mutum miliyan 4.36 a Jigawa. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Duk wani "kashi kaza cikin 100" da ofis ya fitar, an raba shi ne da adadin da aka yi hasashe daga ƙidayar da jariranta yau sun isa aure. Wannan na cikin dalilan da ya sa rahoton rigakafi a wasu wurare kan wuce kashi 100, abin da ko ɗan firamare zai ce da sake.

Ga Jigawa, maganar ma'auni maganar rabo ce. Hankalin sabuwar hukuma zai karkata, kuma da hujja, ga Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, inda 'yan bindiga suka tashi garuruwa. Idan aka raba kuɗi bisa gidajen da aka ƙona da mutanen da aka raba da muhallinsu, jihar da ke zaune lafiya za ta tashi da ɗan abin da ya rage. Idan aka bar shi ga raba-daidai da kamun ƙafa, kuɗin zai narke cikin fitilun titi da kekunan ɗinki da ake rabawa a gaban kyamara. Idan kuwa aka ce wani kaso zai bi yawan yaran da suka tsumbure, da matan da ke mutuwa wajen haihuwa, da gonakin da ambaliya ke ci, to Jigawa na gaba, da alƙaluman da ba ita ta rubuta wa kanta ba. Sanatocin jihar da 'yan majalisarta sun fi kowa buƙatar a rubuta ƙa'idar rabon a fili.

Abin da za a nema daga hukumar ba shi da yawa, yawansa ma illa ne, domin shirin da ke da ma'auni tamanin ba mai iya riƙe shi da ko ɗaya. Huɗu ko biyar sun isa wa ƙananan hukumomi bakwai na tsakiyar jihar, wato Dutse da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Kiyawa da Miga: yaran da suka kammala rigakafi, 'yan aji huɗu masu iya karatu, burtsatsen da ke ba da ruwa a watan Afrilu ba ranar buɗewa ba, haihuwar da ungozoma ta karɓa, buhun da manomi ke samu a hekta. Kowanne da inda yake yau, da inda ake so ya kai, da shekarar, da sunan ofishin da zai amsa tambaya. A fitar da su ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tunda matsakaicin jiha na ɓoye Miga a bayan Dutse. A karanta su da Hausa a rediyo, a kuma karanta su a zaman Gwamnati da Jama'a da gwamnan ke zagayawa da shi, a gefen jerin tituna da ajujuwa.

Masu awon ba sai an ɗauko su daga Landan ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse na nan tun 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ga matasan da suka koyi riƙe allon awo a Buji da Gagarawa. Sharaɗin shi ne kuɗin aikinsu kada ya biyo ta teburin wanda suke aunawa, sakamakon kuma a wallafa shi ranar da aka sa, ya yi daɗi ko bai yi ba. Yawancin awon da aka ambata a nan kuɗin baƙi ne ya biya shi, kuma da shirin ya rufe masu binciken suka naɗe kayansu. Kashi 1 cikin 100 na naira biliyan 500 biliyan 5 ne, wanda ya isa a riƙa bin gidaje a jihohi bakwai kowace shekara. Lokacin wannan zagaye na farko kuwa ƙurarre ne, domin da zarar 'yan kwangila sun shiga fili, babu sauran hanyar sanin yadda ƙauye yake kafin zuwansu.